Maki ɗaya da na bari a fagen takobi

Kwana ɗaya kafin a buɗe gasar, na shafe kusan awa biyu a layin tantance kaya, jakar takubbana a kafaɗa. Wannan ne karo na farko da na fita gasar wasan takobi ta ƙasa da ƙasa, wadda ake gudanarwa bisa dokokin FIE, hukumar wasan takobi ta duniya da aka kafa a Paris a 1913, hedikwatarta kuma ke Lozan ta ƙasar Suwizalan. Masu tantancewar ba su ɗaga wa kowa ƙafa. Sun jujjuya hular ragar da ke kare fuskata, sun duba tambarin rigata don tabbatar da cewa tana jure ƙarfin niyuton 800, sun gwada wayar jiki, wadda ke haɗa takobi da na'urar nuna maki, sannan suka buga hatimi a kan kowane abu. Takubba uku na kai, biyu suka tsallake.

Nau'in da nake yi shi ne efe. A cikin makamai ukun wasan, wato efe da fulore da sabar, shi kaɗai ne jiki duka ke zama wurin hari, daga tsakar kai har ɗan yatsan ƙafa. Babu kuma batun wa ya fara kai hari. Wanda ya riga taɓawa shi ke da maki, in kuwa tazarar da ke tsakanin taɓin biyu ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin 25 na daƙiƙa ba, fitilu biyun na'urar nuna maki, ja da kore, su kama tare, kowa ya samu nasa. Na san wannan doka tun ina ɗan koyo. Ashe sanin baki kawai na yi mata.

Zagayen rukuni ya zo mini da sauƙi fiye da yadda na zata. Mu bakwai ne, kowa ya kara da kowa, maki 5 cikin minti 3. Na ci uku, aka ci ni uku, na haye zuwa zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Nan ne wasa ke komawa maki 15, turmi uku na minti uku-uku, da hutun minti ɗaya a tsakani.

Wanda aka haɗa ni da shi bahago ne, ya girme ni da shekaru masu yawa, bai kuma kai ni tsawo ba. Kafin a fara, alƙalin wasa ya ɗora nauyin giram 750 a kan tsinin takobina, kamar yadda ake yi wa kowa. Ya kamata sifirin ɗin da ke cikin tsinin, wato ɗan murɗaɗɗen ƙarfe mai turowa, ya turo nauyin sama. Nawa ya nutse ya zauna. Takobin da ya tsallake tantancewa jiya, na yi ta bugu da shi a karawa shida ban sake gwada shi ba, alhali ma'aunin na cikin jakata. Alƙali ya ɗaga mini katin gargaɗi, na ɗauko na biyu hannuna na ɓari.

Turmin farko na yi ta kai farmaki kamar wanda ake kora. Fagen mita 14 ne, amma ni gani nake ya yi mini kaɗan. Shi kuwa sai ya ja da baya taki ɗaya, ya bar ni in miƙa hannu, ya ɗana tsininsa a wuyan hannuna, daidai gefen kwanon da ke kare yatsu. Sau huɗu ya yi mini haka a wuri guda. Da aka tafi hutu kocina ya miƙo mini ruwa ya ce, "Ɗana, da ƙafa ake yin wasan nan. Kana kai masa hannunka har gida. Ka tsaya inda sai ya tako kafin ya same ka."

Na ce, "To, Malam." Na kuma bi maganarsa, ta yi aiki. Da na daina bin sa, dole ta sa ya fito, na riƙa kama shi a cinya da kafaɗa har muka yi 11 da 11. A nan ne zumuɗi ya kwashe ni. Muka haɗu gab da gab, na juya masa baya ina neman kuɓuta kafin alƙali ya ce "alt", wato a tsaya. Juya baya laifi ne, kuma tunda ina da gargaɗi a kaina, sai jan kati. Jan kati a wannan wasa ba kora ba ne, maki ɗaya ne kyauta ga abokin karawa.

Daga nan dattijon ya sauya salo, kuma har yau ina jinjina masa. Ya daina ƙoƙarin kare kansa gaba ɗaya. Duk lokacin da na kai hari, sai ya miƙe hannu kawai mu taɓa juna tare. 13 da 12. 14 da 13. Ni ina murna makina na ƙaruwa, ban lura cewa kowace fitila biyu tana matsar da shi kusa da 15 ba, ni kuma tana bari na a baya da ɗayan nan. Wanda ke gaba, taɓin tare abokinsa ne. Wanda ke baya dole ya fara ture takobin ɗan'uwansa gefe, ya nemi fitila ɗaya tak. Sauran lokaci ya fi minti guda, babu abin da ke korata, amma da jin "ale", wato a fara, na faɗa masa kai tsaye. Ja da kore suka kama lokaci ɗaya. 15 da 14.

Na cire hula, na ɗaga takobi na gaishe shi, na gaida alƙali, kamar yadda doka ta tanada. Shi ma ya gaishe ni, ya nuna wuyan hannunsa da yatsa yana murmushi, alamar in riƙa ɓoye nawa. Ba ma jin yaren juna, amma na fahimce shi sarai.

Tun daga ranar, kafin kowace karawa nakan ɗora ma'aunin nan a kan takubbana duka, in duba ƙananan sukurorin tsini, ko da minti biyar da suka wuce na duba. A wurin atisaye kuma nakan roƙi abokan wasa mu fara daga 13 da 12, ni a baya, mu yi ta maimaitawa har sai ƙafafuna sun koyi jira.