Tarihin Rayuwata, Kashi na Takwas: Motar da Ke Rawar Ɗari

A makon jiya na tsaya a inda Oga ya fara barina in riƙe sifana da hannuna, bayan na daɗe ina wankin ƙarafa da fetur da zuwa aike. Yau kuma labarin wata mota zan ba ku, wadda a kanta na fara ganin yadda ake neman ciwon inji.

Tsakiyar hunturu ne, hazo ya lulluɓe Kano, wani malamin makaranta ya shigo garejinmu da Corolla ƙirar 2005, 'yar Kwatano. Bayan sun gaisa da Oga sai ya ce, "Injiniya, motar nan ta ishe ni. In na tayar da ita da asuba sai ta kama karkarwa, sitiyari na rawa, silo yana hawa yana sauka, in na tsaya a danja ta mutu. Amma da rana ta ɗaga, lafiya lau." Ya ce a wani gareji an sauya masa filogi huɗu, an sa kwayil biyu sababbi, an wanke nozul, kusan rabin albashinsa ya tafi, ciwo na nan.

Da azahar ya kawo ta, injin da zafinsa, tana silo sumul, wato injin na aiki a tsaye ba a taka totur ba. Oga ya saurara jim kaɗan ya ce, "Malam, ka yi haƙuri ka bar ta ta kwana a nan. A lokacin da take ciwon nake son ganinta."

Washegari muna idar da sallar asuba muka nufi gareji. Oga ya murɗa makulli, sai ga mota tana kakkaɓewa kamar mai rawar ɗari, salansa tana fat-fat-fat. Ya buɗe bonet ya ce da ni, "Kai, matso. Abu huɗu silinda ke buƙata: wuta, mai, iska da matsi. In inji yana misin, wato silinda tana tsallake kamawa, ɗaya daga ciki ne ya gaza. Kada ka kwance komai sai ka san wanne ne."

Da wuta muka fara. Injin Corolla ɗin nan silinda huɗu gare shi, suna kamawa a jere 1, 3, 4, 2, kuma kowane filogi da kwayil ɗinsa a kai, mai ba shi wuta. Oga ya sa ni in riƙa zare soket ɗin kwayil ɗaya bayan ɗaya. In ka zare, injin ya ƙara faɗuwa, to wannan silinda tana aiki. In ka zare babu abin da ya sauya, dama can a mace take. Ya ce a zamanin Fijo 504 wayar filogi suke fizgewa da hannu, wuta ta ja mutum har kafaɗa. Na zare duka huɗun, kowanne injin ya faɗi. Ke nan ba silinda ɗaya ce ta mutu ba, duka ne suke wahala tare, kuma kwayil ɗin da aka cire wa Malam ba su da laifi tun farko.

Muka fito da filogan. Nan Oga ya daɗe, don ya ce bakin filogi ba ya ƙarya. In ya yi baƙi da toka busasshiya, mai ya yi yawa. In ya jiƙe da baƙin mai, ringi ne ko sil ɗin bawul suka ci. Waɗannan kuwa fari fat suka yi, alamar mai ya yi kaɗan, iska ta rinjaye shi.

Sai a lokacin ya aike ni in kira mai kwamfuta na layin bayanmu. Ya jona kwamfutar gwajin mota a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna P0171 da P0300: na farko yana nufin mai ya gaza iska, na biyu kuma misin da bai tsaya a silinda ɗaya ba. Har gobe ina ganin kwamfuta alheri ce a wannan sana'a, amma unguwar da ciwon yake kawai take nunawa, sauran aikin na kunne da ido ne.

Ga abin da Oga ya fahimtar da ni a safiyar. Akwai na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji, daga nan burenbos, wato kwamfutar da ke cikin motar, ke lissafin man da nozul za su fesa. In wata iska ta saci hanya ta shiga ta bayan na'urar, ba a lissafa da ita ba. A silo iskar da inji ke sha kaɗan ce, don haka 'yar ɓarakar nan ta isa ta rikita komai. Da an taka totur iska ta yi yawa, sai ɓarakar ta ɓace a ciki. Shi ya sa motar ke gudu lafiya a titi.

Ya sa na ajiye bokitin yashi a kusa, don wannan gwaji yana iya tayar da gobara, kuma ba a yin sa a kan inji mai zafi. Ya ɗauki gwangwanin wankin kafireta yana fesawa kaɗan-kaɗan a kan kowane tiyo. Shiru. Da ya fesa a inda manifol, bututun da ke raba wa silinda iska, ya haɗu da tof silinda, wato kan injin, sai injin ya ɗaga murya, karkarwar ta tsaya na ɗan lokaci. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Gaskit ɗin wurin na roba ne, ya tsufa ya ƙandare. In sanyi ya buga sai ya tsuke iska ta shiga, in inji ya yi ɗumi sai ya kumbura ya toshe.

Na ce ko mu shafa gam mu mayar? Ya ce a'a, gam yana iya ɓantarewa ya bi iska cikin inji. Na hau babur zuwa Ƙofar Ruwa na sayo sabo, kuɗinsa bai kai na kwayil guda ba. Muka goge fuskar wurin tas, muka ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, sannu a hankali saboda manifol ɗin na roba ne, muka wanke bakin totur. Oga ya ce ta sake kwana. Da asuba aka tayar da ita, ko motsi sitiyari bai yi ba.

Da Malam ya zo, Oga ya nuna masa tsohon gaskit ɗin a tafin hannu, ya kuma ja masa kunne: duk ranar da fitilar cek, mai gargaɗin matsalar inji, ta fara ƙyaftawa, ya faka motar, don ɗanyen man da bai ƙone ba yana sauka cikin salansa ya narkar da indomi, wato abin tace hayaƙin da ke ciki. Malam ya yi ta sa albarka, ya danƙa mini kuɗin shayi, ya ce, "Ɗana, ka riƙe maigidanka da kyau."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda Oga ya tura ni koyon aikin kwamfuta, da yadda mahaifina ya karɓi maganar.