Katin asibiti ne littafinmu na farko

Ɗan yayana ne ya jefa ni cikin wannan aiki na koya wa masu barin ƙwaya karatu. Noman rani yake yi a fadamar garinmu, can ƙasar Dambatta, kuma da tramol ya fara don ya yini yana ban ruwa bai gaji ba. Ƙwaya ɗaya ta koma uku, da dare kuma sai ya ɗora roci kafin barci ya ɗauke shi. Ran da ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, matan gida suka ce iska ce, wasu suka ce a kai shi gidan mari. Lokacin ba a daɗe da ganin mutanen da aka fito da su ɗaure da sarƙa daga irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina a 2019 ba, don haka na ƙi. Muka sayar da gero buhu biyu, muka nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

Mai hali in jiki ya ƙi, Masar ko Indiya yake tafiya. Mu Kano ce Masar ɗinmu, kuma nauyin bai sauya ba: kuɗin mota, wurin kwana, mai jinyar da zai bar gonarsa, ga takardun da ba ka san me suka ƙunsa ba.

An sallame shi ya yi fes, amma wata biyu ba su cika ba ya koma ruwa. Ina cikin faɗa na laluba aljihunsa, sai ga katin asibiti a ninke cikin leda, ko datti bai yi ba. Ranar komawa ta wuce da kwana goma sha ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, ni fa ban san abin da aka rubuta ba, kunya ce ta hana ni tambaya." Ya yi allo, yana karanta ajami, boko ne babu. Ni kuwa na daɗe ina koyar da yaƙi da jahilci, ina alfahari da Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, ashe ban duba cikin gidanmu ba.

Na buɗe aji a zaurena bayan isha'i, kuma tun ranar farko na tafka kuskure. Na gaya wa mai unguwa cewa aji ne na yaran da suka bar shaye-shaye. Ya ce, "Malam, wannan ai matsalar birni ce." Na ce masa ranka ya daɗe, binciken ƙasa na 2018 ya ƙirga masu shaye-shaye miliyan 14.3, ba duka ne a birni ba. Na ci gardamar, na kashe ajin. Kafin Juma'a sunansa ya zama ajin 'yan ƙwaya, kuma ba uban da zai bar ɗansa ya taka zauren.

Na rufe wata guda, na sake buɗewa ga kowa. Wani dillalin shanu ya zo don ya iya ajiye suna a waya, ladan ma ya zo. Da yaran suka ga furfura a kan tabarma, sai suka riƙa shigowa ɗaya-ɗaya, ba mai tambayar wani abin da ya kawo shi.

Da lambobi da sunayen watanni muka fara, kati da kwalin magani su ne littafi. Malamin asibitin mazaɓarmu yakan leƙo sau ɗaya a wata. Shi ya fahimtar da su cewa ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa bayan barin tramol ba asiri ba ne, kuma yanke ƙwayoyin sa barci irin su roci ko D5 rana ɗaya ba da likita ba yana iya jawo jijjiga. Wani dare wani yaro ya tsinto sacet ɗin tramol a bakin tasha, ya karanta lambar ƙarfinsa da kansa: 225. Malamin ya ce wanda likita ke rubutawa 50 ne ko 100. Zauren ya yi tsit, sai ƙarar sauro.

Kuɗin mota ne ya rage. Muka kafa adashi, muka roƙa a haɗa wa masu komawa asibiti rana ɗaya, su cika mota guda tare da babba ɗaya.

Ba kowa ya tsaya ba. Kaka ce lokacin da na fi tsoro, don kuɗi na shiga hannu mai ƙwaya yake zagayowa a babur. Bara mun rasa biyu a haka, ɗaya ya dawo da azumi. Ɗan yayana ne yanzu ke riƙe littafin adashin. Har yau yakan juya 6 ta koma 9, sai dillalin shanu ya miƙa hannu ya gyara masa.