Kafin ka sayi injin filasma, tambayi iskarka

Shekaru na yi ina yanka ƙarfe da gas da dutsen yanka, har ranar da wani mai aiki ya kawo mini farantan alminiyom yana son a fitar masa da zane mai lanƙwasa. Gas ba ya cin alminiyom, haka ba ya cin ƙarfen sitenles, domin shi ƙona ƙarfe yake yi da iskar oksijin, su kuwa waɗannan ba sa ƙonuwa haka. Ina ji ina gani aikin ya bar shagona. Abin ya tsaya mini a rai, shi ne na shiga neman injin filasma.

Aikinsa ba wuyar ganewa. Wutar lantarki ce take haɗuwa da iskar da kwamfuresa ta matso, ta fito ta wani ɗan rami a bakin kan yanka da zafin da ya haura digiri 20,000, ta narkar da ƙarfen, iskar kuma ta ture narkakken ta ƙasa. Duk ƙarfen da lantarki ke bi ta jikinsa zai yanka, har da tagulla.

Na farkon da na saya, lambar jikin kwali na duba. An rubuta kauri mai yawa, ban san kauri iri biyu ake faɗa ba. Akwai wanda injin zai yanka da sauri, baki sumul, akwai kuma wanda da ƙyar yake ratsawa, yana tafiya kamar an ɗaure shi, ya bar maka kashin ƙarfe daskare a ƙasa da sai yaran shago sun yini suna gurza. Wannan na biyun ne masu sayarwa suka fi son nunawa. Injin amfiya 40 yakan yi aiki mai tsabta a wajen milimita 10 zuwa 12. In kuma daga tsakiyar faranti za ka huda, ba daga gefe ba, to ka ɗauki kusan rabin abin da aka rubuta. Saboda haka ka duba kaurin da kake yankawa kullum, ka sayi wanda ya ɗan fi shi.

Sai lokacin hutu. Za ka ga an rubuta kashi 60 cikin ɗari, wato a cikin minti 10 zai yi 6 yana yanka, 4 yana hucewa. Ka duba a kan amfiya nawa aka auna wannan, kuma a wane zafi, don masu gaskiya a digiri 40 suke aunawa. Nawa a tsakiyar dogon yanka yake ɗaukewa, kuma ba abin da ke ɓata aiki irin tsayawa a rabin layi.

Amma abin da ya fi ba ni wahala iska ce, kuma babu wanda ya gaya mini. Sai na ga ina canja nozil, wato bakin da wutar ke fita ta cikinsa, kusan kullum, harshen wutar yana karkata gefe, yana tofi. Na yi ta zargin injin. Wata safiya na kwance ƙasan tankin kwamfuresa, ruwa mai tsatsa ya tsiyayo har ya jiƙe mini takalmi. Ashe shi ne yake bin tiyo yana cinye ɗan ƙwayar ƙarfen hafniyom da ke tsakiyar elektirod, wato ɗan ƙarfen da wutar ke tasowa daga gare shi a cikin kan yanka. Tun da na sa matatar da ke tsane ruwa da mai, na kuma ɗora wa yaro ɗaya zubar da ruwan tanki kowace yamma, kayan suka fara daɗewa. Injin yana son iska busasshiya, mai matsi wajen ba (bar) 5 a allurar kwamfuresa, kuma mai zuwa ba yankewa. Ƙaramar kwamfuresa za ta nuna maka allura a sama, kana danna makunni ta faɗi.

Shi ya sa yanzu kafin in tambayi komai nake tambaya ko nozil da elektirod ɗinsa suna samuwa cikin sauƙi. Abin da ke ƙarewa ke nan, kuma injin da ba ka da bakinsa ajiya ce kawai.

In kana yawan yanka ƙarfe mai fenti ko tsatsa ko raga, nemi mai tayar da wuta tun kafin ya taɓa ƙarfe. In kana da niyyar ɗora shi kan teburin da kwamfuta ke tuƙawa, guji mai kunnawa da tartsatsin lantarki mai saurin bugawa (high frequency), yana rikita na'urori.

Yarana kuwa ba wanda ke riƙe kan yanka babu baƙin gilashi da safar hannu. Ranar da muke yanka sitenles ko ƙarfe mai ruwan zin, ƙofofi a buɗe suke, fanka tana ja, don hayaƙin nan ba na wasa ba ne.