Daga Shasi Ake Fara Aiki: Labarin Garejinmu a Garwa

A garejinmu da ke Garwa muna taɓa gyaran mota kamar kowa, amma abin da aka san mu da shi shi ne sauya wa mota ko inji sana'a. A kawo mana a-kori-kura mu mayar da ita motar ɗaukar marasa lafiya. A kawo tsohuwar gingimari mu ɗora mata tankin ruwa. Motar da ta yi hatsari bodinta ya tashi aiki, mu ciro injinta mu girke shi a ƙasa, ya koma niƙa ko jawo ruwa zuwa gonar albasa. Keke mai ƙafa uku ma ba mu raina shi ba.

Wannan sana'a ƙasar ce ta haife ta. Yawancin motocin da ke yawo a arewacin Kamaru na hannu ne, sun gama wata rayuwar a Turai kafin su sauka a Duwala, su hauro ta titi ko a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda dogo ya tsaya tun 1974. Wanda ya ƙera su ya yi lissafin kwalta mai laushi da sanyin ƙasarsu. Bai san zafin Garwa na watan Maris da Afrilu ba, lokacin da ma'auni ke wuce 40, bai san ƙurar hunturu ba, balle taɓon hanyoyin ƙauye da damina. Dole a samu wanda zai tsaya tsakanin motar da ƙasar ya sasanta su.

Duk wanda ya shigo wurinmu da bakinsa cike da bayanin irin bodin da yake so, nakan saurare shi har ya gama, sannan in ɗauki fitila in kwanta ƙarƙashin motar. Shasi nake dubawa, wato ƙarfen gindin mota da inji da bodi ke zaune a kansa. Idan tsatsa ta cinye shi, musamman motocin da suka fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, nan take zan gaya masa gaskiya, ko da zai tafi da fushi. Bodi mai kyau a kan ruɓaɓɓen shasi asarar kuɗi ce, wani lokacin har da ta rai.

Shasin babbar mota ƙarfe ne mai ciki da leɓe biyu, na sama da na ƙasa. Leɓunan nan su ke ɗaukar wahalar kaya, saboda haka ba a huda su, ba a kuma yi musu walda a gicciye. Idan za a huda, a cikin ake hudawa. Idan kuma za mu ƙara wa mota tsawo, ba ma yanka shasi a miƙe daga sama zuwa ƙasa. A karkace muke yanka shi, yadda layin waldar zai yi tsawo, nauyi ya bazu a kansa. Bayan an haɗa sai mu goya masa wani fallen ƙarfe ta ciki, wanda ya zarce mahaɗar ta kowane ɓangare. Daga nan aikin ya fara ke nan: furofela, wato sandar da ke kai juyin inji ga ƙafafun baya, sai an ƙara ta an daidaita ta a injin juyi, idan tsawon ya yi yawa a raba ta biyu a sa mata boris a tsakiya, bututun birki a sake sababbi, wayoyi a ja su a naɗe su da kyau. Shi kansa bodin ba ma manna shi da shasi da wuta. Muna yi masa nasa gadon, mu ɗaure da ƙusoshi masu lanƙwasa da ke rungume shasin, domin mota tana murɗawa idan ta shiga ramuka. Wanda ya hana ta murɗawa, ita za ta nemi wurin tsagewa da kanta.

Duk wannan a hannun maigidana na koya, Allah Ya jiƙansa da rahama. Mahaifina ne ya kai ni wurinsa ina ɗan yaro, ya ce, “Malam, ga ɗanka nan, ka koya masa abin da zai ci abinci.” Na daɗe ban taɓa kan walda ba. Aikina shara, wanke sifana da kananzir, kankare tsatsa, da riƙe ƙarfe yayin da manya ke aiki. Shi mutum ne mara yawan magana. Idan an gama walda sai ya ɗauki ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya ce da ni, “Yaro, me ka ji?” In ce, “Baba, ƙara na ji.” Sai ya kai ni wata waldar da ya san akwai rami a cikinta ya sake bugawa, har kunnena ya soma rarrabe sautin da ya cika da wanda bai cika ba. A lokacin tsofaffin Marsandi masu zagayayyen hanci ne ke jigilar auduga da gyaɗa da shanu, kuma kafintoci ne ke yi musu bodin katako, mu kuma mu ɗaure da ƙarfe. A wurinsa na ji maganar da har yau nake gaya wa yarana: lodin mota kamar mangalar jaki ne, ba nauyin ne ke kayar da jaki ba, rinjaye ne. Kafin ya zana komai da alli a ƙasa sai ya san inda nauyin zai zauna, nawa zai hau ƙafar gaba, nawa zai hau ta baya.

Na kuma ga yadda sana'ar ta buɗe bayan an karya darajar sefa a watan Janairun 1994. Kayan waje suka yi tsada farat ɗaya, wanda ke shirin sayen sabon inji ya dawo yana tambaya ko tsohon zai tashi. Motocin da aka jingine a bayan gidaje aka riƙa jawo su zuwa gareji.

Tankin ruwa shi ne aikin da na fi jin haushin yadda ake wasa da shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 10,000 tan 10 ne, ban da nauyin ƙarfen. Kuma ruwa ba buhu ba ne da zai zauna inda aka ajiye shi. Direba ya taka birki, ruwan ya ruga gaba. Ya sha kwana, ruwan ya kwanta gefe guda. Tankin da ke da rabin ruwa ya fi cikakke haɗari. Shi ya sa muke gina katangu a cikinsa, masu ƙofofi a ƙasa da sama, su karya ƙarfin ruwan. Aiki ne mai wuya, yaro zai shiga cikin tanki a zafin nan yana walda, muna hura masa iska da fanka, kuma idan an rufe babu mai ganin abin da aka yi. Nan masu kwaikwayo ke samun ƙofa. Su dunƙule tanki fanko, su shafe da foti, su fesa fenti mai sheƙi, su karya farashi. Sai mutum ya zo ya ce mini, “Malam, ai wancan ya yi mini rabin kuɗinka.” Nakan ce, “Alhaji, ka buɗe murfin ka leƙa da fitila, sannan ka dawo mu yi magana.” Wanda ya taɓa gangarowa daga tsaunin Ngaundere zuwa Mbe da kaya a bayansa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Akwai kuma masu kawo tsohon tankin fetur su ce a mayar da shi na ruwan sha. Wannan ba na karɓa ko nawa za a biya. Ƙarfen ya riga ya sha mai, kuma kai wuta kusa da tankin da tururin fetur bai fita ba ganganci ne da rayukan yaran mutane.

Abin da na fi alfahari da shi kuwa motocin asibiti ne. Land Cruiser ce uwar wannan aiki, musamman mai injin 1HZ, silinda 6, lita 4.2, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1990. Ba shi da gudu, amma ba shi da kwamfuta, duk bakaniken ƙauye zai iya buɗe shi. Matsalarta ɗaya: sifirin ɗinta na baya na ɗaukar kaya ne, yana da tauri, kuma mai naƙuda ko wanda ya karye ba buhun masara ba ne. Muna sake jera ganyen sifirin gwargwadon nauyin da za ta riƙa ɗauka, mu sa shoka masu kyau, mu matso da gadon mara lafiya gaba, tsakanin ƙafafun mota, inda jijjiga ta fi sauƙi. Gadon yana kan layin ƙarfe mai makulli, ba ya motsi sai an sake shi. Akwai mazaunin tulun iskar numfashi a ɗaure, akwai batir na biyu domin fitilu da fanka kada su kashe na tayar da mota, akwai rufi mai ninki biyu saboda rana. Kusurwoyi duk muna lanƙwasa su, babu kaifi ko ɗaya, kuma daɓen a haɗe yake yadda za a wanke jini ba tare da ya maƙale a wani lungu ba. Ga ƙauyukan da ba su da ƙarfin Land Cruiser, muna yin irin wannan a kan keke mai ƙafa uku, da rumfa da labule, domin mace ta isa asibiti da mutuncinta.

Cikin waɗannan motoci da alminiyam muke lulluɓewa, da ribiti, ba walda. Maigidana ne ya nuna mini dalili. Ya ce in duba jikin jiragen da ke sauka a filin jirgin Garwa, duk layin ribiti ne, domin irin wancan alminiyam ɗin wuta tana kashe masa ƙarfi. Jirgi ba aikinmu ba ne, amma dabarar ta yi mana rana. Da ita muke yin akwatunan sanyi na masu kifi daga Lagdo, madatsar da aka kammala a 1982 a kan Binuwai: bango biyu, soso mai hana zafi a tsakani, da ƙaramar mafitar ruwan ƙanƙara a ƙasa. Kifi ya iso kasuwa da kyansa.

A nan ma sai mun yi fama da masu sayar da ƙarfe. Ka yi odar falle mai kaurin milimita 3, a sauke maka wanda bai kai ba, a rantse maka cewa shi ne. Sandar walda a bar ta ta sha damshi a sito, ka kunna tana tofi. Yanzu ba na barin a sauke kaya sai na sa ma'aunin kauri a kowane falle a gaban mai shi. Wasu sun daina kawo mini, waɗanda suka rage mun fahimci juna.

Girke injin mota a ƙasa wani ilimi ne daban. Injin Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ya yi wa mutanenmu hidima a wannan fanni, ga kayan gyaransa ko'ina daga Mubi har Marwa. Sai dai injin mota ya saba da iskar da gudu ke kawo masa. Idan ya tsaya wuri ɗaya sai an ba shi babban lagireto da fanka mai ƙarfi, in ba haka ba kafin azahar ya tafasa. Sai kuma na'urar da ake kira gwamna, mai ƙara masa mai idan an zuba hatsi, ya rage idan an gama, domin babu ƙafar direba a kan totur. Girman fuli kuma, wato faifan da bel ke hawa, lissafi ne, ba a yinsa da ido. Janareta mai ba da wuta irin tamu yana son juyi 1,500 ko 3,000 a minti ɗaya, gwargwadon ƙirarsa, kuma idan aka kauce sai firji da injin ɗinki su biya bashin. Famfo ma yana da iyaka: ba ya tsotso ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, komai girman injin. Manomi zai zo ya ce a ƙara masa ƙarfi, ni kuwa in ce ya tona wa famfon gurbi ya saukar da shi kusa da ruwa. Sau da yawa maganin ke nan, ko sisi bai kashe ba.

Tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da muka saba saye a kwalabe a bakin titi, ya daina araha, sai wani sabon aiki ya taso. Masu lambu suna kawo ƙananan famfunansu da janaretoci a mayar da su masu amfani da iskar gas ta girki. Muna yi, amma da sharaɗi. Tulun ya tsaya a tsaye, nesa da salansa, a inuwa. Tiyon ya zama na gas, ba na ban-ruwa ba. Kowace mahaɗa mu gwada ta da ruwan sabulu a gaban mai kaya, mu kuma daidaita bawul, domin gas a bushe yake, yana cin mazauninsu fiye da fetur. Na ga waɗanda aka haɗa a kasuwa da guntun tiyo da robar taya, ana sayarwa da sunan aiki ɗaya ne da namu. Araha ba ta ado, balle a abin da ke kama wuta.

Wanda ke da niyyar kawo mana aiki, daga nan cikin gari ne ko daga Gidar, Yagwa, Kusiri, har Njamena da Mundu, ya zo da motar da takardunta, domin idan an sauya mata aiki dole takarda ta bi sabon fasalin, kada a tsayar da shi a hanya. Ya kuma gaya mana gaskiyar abin da zai riƙa lodawa da hanyar da zai riƙa bi. Idan shanu ne daga kasuwannin kan iyaka, daɓen da tagogin iska daban ne da na mai jigilar albasa zuwa kudu. Idan direban yana kusa, a taho da shi, muna da tambayoyin da shi kaɗai zai iya amsawa.