Yadda aka gina mutanen labarin Deutschland 83, da inda ginin ya yi rauni

Shirin talabijin na Jamus mai suna Deutschland 83, wanda Anna Winger da Jörg Winger suka ƙirƙiro, ya fito a 2015 cikin kashi 8. Labarin wani matashin sojan tsaron iyaka ne na Jamus ta Gabas, Martin Rauch, wanda HVA, wato sashen leƙen asirin ƙetare na Stasi, hukumar tsaron sirri ta ƙasar, ya tura Jamus ta Yamma a 1983 da sunan aro, Moritz Stamm, ya zama dogarin Janar Wolfgang Edel. Duk wanda ya saba kallon finafinan leƙen asiri zai gane fuskokin tun kashin farko: ga sabon shiga, ga mai juya shi daga nesa, ga janar mai gidan da ya rikice, ga sakatariyar da za a yaudara. Abin dubawa shi ne wace igiya marubuta suka ɗaura wa kowannensu.

Ta Martin ce ta fi ƙwari. Mahaifiyarsa Ingrid na bukatar dashen ƙoda, kuma wadda ta yi masa alkawarin sa ta cikin jerin masu jiran aikin ita ce Lenora, 'yar'uwar mahaifiyar tasa, jami'a a HVA. Don haka duk lokacin da ya so ya tsere, mai kallo ya san abin da ke riƙe da shi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Lenora kuwa, yadda Maria Schrader ta fito da ita, ta wuce matsayin muguwar shugaba kawai. Ta yarda da aƙidarta har zuci, tana son ɗan 'yar'uwarta, kuma tana amfani da shi ba tare da ta ga karo tsakanin biyun ba. Wannan ya fi ban tsoro.

Akwai wani ɗan wuri da ya nuna ƙwarewar rubutun. Moritz Stamm na gaskiya ya iya kaɗa piyano, Martin bai iya ba. Mafitar da Walter Schweppenstette, wani jami'in HVA, ya samo ita ce ya karya masa yatsa, sai bandeji ya zama uzuri. Cikin daƙiƙu kaɗan an nuna yadda ake toshe ɓaraka a sunan aro, an kuma nuna darajar mutum a idon hukumar.

Matsala ta fara ne daga horon. An koya wa Martin buɗe makulli, ɗaukar hoton takardu da miƙa saƙo a ɓoye cikin 'yan mintuna na shirin, aka jefa shi gidan janar. A zahiri HVA, ƙarƙashin Markus Wolf, da haƙuri ta yi suna. Ɗan leƙen asirinta Günter Guillaume ya shiga Yamma a 1956, ya yi ta hawa a hankali har ya kai ofishin shugaban gwamnati Willy Brandt, ba a kama shi ba sai 1974. Wani ɗan leƙen asirin nata, Rainer Rupp, ya fara aiki a hedkwatar NATO a 1977, aka kama shi a 1993. Gaggawar shirin ce ta sa Martin yake tafka kurakuran da za su tona asirin kowane ɗan leƙen asiri a makon farko, dole kuma a mayar da jami'an Yamma masu sakaci domin labari ya ci gaba.

Linda Seiler, sakatariya a NATO, ita ta fi ba ni takaici. Dabarar tura samari su yaudari sakatarorin da ke zaman kaɗaici gaskiya ce, HVA ta yi ta yin hakan a Bonn, babban birnin Jamus ta Yamma a lokacin, kuma irin wannan alaƙa kan ɗauki shekaru, wasu har da aure. A shirin an taƙaita ta zuwa matar da ta faɗa soyayya nan take, ta buɗe ƙofa, ta mutu, domin lamirin Martin ya farka. Ta cancanci a ba ta rayuwa tata. Janar Jackson na Amurka ma kusan hoto ne kawai na soja mai son yaƙi.

Inda shirin ya sake miƙewa shi ne batun atisayen sojan NATO mai suna Able Archer na Nuwamba 1983, lokacin da ake takaddamar girke makamai masu linzami na Pershing II a Jamus ta Yamma. Martin ya kawo bayanan da ke nuna atisaye ne kawai, amma Schweppenstette ya murɗa rahoto domin ya dace da abin da manyansa suka riga suka yarda da shi, cewa hari na tafe daga Yamma. A nan haɗarin ya fito ne daga teburin ma'aikacin da ke tsoron saɓa wa na sama da shi, kuma Sylvester Groth ya buga wannan rawar ba tare da ya ɗaga murya ba.