Alhamdulillahi, an sallamo mu

Alhamdulillahi. Jiya aka sallamo maigida bayan makonni 7 a gadon asibiti. Kun san abin da ya biyo bayan tiyatar hanjin da aka yi masa, ba sai na sake tonowa ba. Hanji dai ya kasa tsotsar abinci da ruwa, sai ta jijiya ake ciyar da shi. Farar jaka ce mai sukari, mai, gishiri da sinadaran gina jiki, tana ɗiga ta siririn bututu zuwa babbar jijiyar ƙasan wuya.

Dare ɗaya ne ya ƙi fita a raina. Jakar da aka manna masa a ciki don tara abin da hanjin ke fitarwa ta fitar da ruwa sama da lita 2 a yini, leɓɓansa sun tsage, yana roƙona ruwan sha kamar ƙaramin yaro. Har na ɗauko kofi, sai nas ɗin dare ta riƙe hannuna. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce a irin halinsa zallan ruwa janye gishirin jiki yake yi ya fice da shi, ƙishirwar ta ƙaru, ƙoda ta wahala. Ta haɗo ruwan gishiri da sukari, ta ce kurɓa-kurɓa zai yi. Ta jiƙa auduga tana shafa masa a baki har barci ya ɗauke shi, ni kuwa ina gefe ina kuka. Baiwar Allah, Allah Ya jiƙan mahaifanki, Ya shayar da ke ranar ƙishirwa.

Likitocin da suka gano zazzaɓin da ya kama shi daga bututun jijiyar yake suka sauya shi cikin gaggawa, da mai kula da abincinsa da ta hana mu garaje ranar da aka fara ba shi cokali biyu, Allah Ya saka da mafificin alheri.

Yaya, na san ba kya son a ambace ki, yau kam sai na faɗa. Ke kika riƙa rubuta awon fitsarinsa duk daren da ido ya ci ƙarfina. Kawu, jinin da ka bayar Allah Ya sanya a mizani.

Waɗanda muka yi ta duban ƙofa ba mu gani ba, ko a waya, mun ɗauka uzuri ne.

Saura tiyatar haɗe hanjin, an ce sai ya yi watanni yana murmurewa. Ku ci gaba da sa shi a addu'a. Allah Ya ba dukkan marasa lafiya lafiya, Ya sa kaffara ne.