Wasiƙa Daga Birmingham Zuwa ga 'Yan'uwana na Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da iyayenmu da malamanmu, da yayye da ƙanne, daga Gangare zuwa Unguwar Rogo da Dilimi, da fatan sanyin bana ya zo da sauƙi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani sauyi da nake hangowa daga nesa, wanda mai yiwuwa ku da kuke cikinsa ba ku lura da girmansa ba. Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a shekarar 2001, wanda yake son sanin lafiyar ɗan'uwansa sai ya taka har ƙofar gidansa, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma. Yau an yi rasuwa, mutum yana unguwa ɗaya da gidan makoki, amma sai ya rubuta "Allah ya jiƙansa" a zauren WhatsApp na dangi, ya ɗauka ya sauke nauyi. Ranar Sallah kuwa hoto guda ne yake zagaya wayoyin gari, kowa yana tura wa kowa, babu wanda ya ji muryar wani.

Ba zan yi wa intanet butulci ba, domin mu da muke ƙetare da ita muke ganin fuskar iyayenmu. Sai dai mu dole ce ta sa, ku kuwa ƙafa kawai za ku ɗaga. A nan Birtaniya kaɗaici ya yi tsananin da a watan Janairun 2018 gwamnati ta ɗora wa minista guda alhakin yaƙi da shi, alhali kusan kowane gida yana da intanet mai sauri. Akwai tsofaffin da suke wuni ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa, kuma ina jin tsoron ranar da za a ce haka ta faru da wata gyatuma a Jos, garin da maƙwabci yake shiga gidan maƙwabcinsa ɗiban wuta.

Ɓarnar ba a zumunci kaɗai ta tsaya ba. Tun bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025, matashi yakan ƙarar da abin da zai isa cefanen yini a kallon bidiyo, ya raba dare yana latse-latse, asuba ta wuce shi yana barci. Mu mutanen Filato kuma mun san wata illar da ta fi wannan muni, domin a 2018 BBC ta ba da rahoton yadda hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook suka rura wutar rikici a jiharmu. Garin da ya ɗanɗana rikicin da ya ɓarke a Jos a watan Satumban 2001 bai kamata ya riƙa tura duk abin da ya shigo waya ba tare da bincike ba.

Kwanakin baya wani ɗalibi ya kawo mini saƙo daga goggona. Kuka ce da daddawa a ƙulle cikin leda, an naɗe su da tsohuwar jarida don kada wari ya fita, sai yaji a ƙaramar roba da mudu guda na acca. Duk wanda ya taɓa gyara acca ya san wahalar rairaye tsakuwarta, kuma da na dafa ban tauna ko ƙwayar yashi ba. Nan na gane cewa tsohuwar nan, da ciwon bayanta, ta zauna ta yi wannan aiki ne tana tunanina. Kuɗin kayan ba su taka kara sun karya ba, amma babu alat ɗin banki da zai iya isar da abin da ƙunshin nan ya isar.

Irin wannan alheri ne muka tashi muka gani a Jos. Ranar Babbar Sallah yara suna kai nama gidajen maƙwabta Kiristoci, ranar Kirsimeti kuma shinkafa da cincin su shigo namu, kuma kwano ba ya komawa gidansu wayam. Wanda ya dawo daga Bokkos ko Mangu yakan riƙo dankalin Turawa tsaraba, a raba gida-gida ko da biyar-biyar ne. Mutumin da ka ci abincin gidansa da wuya ka yarda da sharrin da aka rubuta a kansa a waya.

Don haka ina roƙon ƙannena, samari da 'yan mata, idan Juma'a ta zagayo aka sauko daga masallaci, ku ajiye waya a aljihu ku leƙa gidan kawu ko inna, ku riƙa musu goro ko sabulu ko lemo, ku zauna ku ji damuwarsu. Iyaye kuma, ina neman alfarmar ku riƙa aiken yara da kwanon abinci da kansu, domin su san ƙofofin danginsu da maƙwabtansu tun suna ƙanana.

A gaishe mini da kowa da kowa. Wassalam.

Ɗanku kuma ɗan'uwanku,
daga Birmingham, Ingila